Akra da dare: Kwana shida tsakanin Nima, Osu da Bukom lokacin Wasannin Afirka

Daga ranar 8 zuwa 23 ga watan Maris na 2024, birnin Akra, hedikwatar ƙasar Ghana, ya karɓi baƙuncin Wasannin Afirka karo na 13. A kan alluna da riguna kuwa 2023 za ka gani a rubuce, domin a watan Agustan 2023 aka so yin gasar, shiri bai kammala ba aka ɗaga ta, aka kuma bar mata sunanta na farko. Ƙannena masu son tarihi su riƙe wannan: a Brazzaville aka fara gasar a 1965, kuma Najeriya ta karɓi baƙuncinta sau biyu, a Legas a 1973, sai Abuja a 2003.

Ɗagawar ce ta jefa gasar cikin watan azumi, don kwana kaɗan da buɗewa aka ga wata. Ni a makon ƙarshe na isa, lokacin hutun zangon karatu, na sauka wurin kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya haura shekara ashirin yana sayar da hatsi a kasuwar Nima. Saboda haka duk labarin ci da sha da za ku ji a nan, bayan faɗuwar rana aka yi shi. Da rana kallo kawai nake yi ina haɗiyar ƙamshi, domin Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen Ghana, kuma tukwanen bakin titi ba su san ana azumi ba.

Ta mota na je. Daga Legas zuwa Akra iyaka uku ake ƙetarewa: Seme ka shiga Benin, Hilakonji ka shiga Togo, Aflao ka shiga Ghana. Agogon Ghana yana bayan namu da awa ɗaya. Kuɗinsu sidi ne, kuma a lokacin sidi ɗaya ya fi Naira 100, don haka idan ka canza kuɗi sai ka ga aljihunka ya rame nan take. Tsofaffin Hausawa Ankara suke kiran birnin, kawu ma har gobe haka yake faɗa.

Wanda ya zame mini ɗan jagora shi ne taubashina, ɗan kawu, wanda a Nima aka haife shi kuma sau biyu kacal ya taɓa zuwa Kano. Shi ya koya mini shiga trotro, wato ƙaramar bas ta haya. Yaron motar yana rataye a ƙofa yana kiran unguwanni, yana kuma yin alama da hannu. Idan ka ga yana juya yatsa yana zana da'ira a iska, to motar za ta shataletalen Kwame Nkrumah ne, wanda kowa ke kira Circle. Abin da ya fi burge ni a tashoshinsu shi ne layi. Mutane na tsaye ɗaya bayan ɗaya, babu mai bulala a kansu, mota ta zo a shiga bi da bi. Zafin garin kuma na daban ne. Namu na Kano ƙona fata yake yi, nasu kuwa jiƙa mutum yake sharkaf saboda teku, kafin azahar rigarka ta manne da baya.

Wasannin guje-guje da tsalle-tsalle a filin wasa na Jami'ar Ghana da ke Legon aka yi su, kuma a ɗakunan kwanan ɗaliban jami'ar aka sauki 'yan wasa. Ina wurin ranar da Tobi Amusan ta ci zinare a tseren tsallake shinge na mita 100. Kafin ka gama gyara zama an gama tseren. 'Yan Najeriya mazauna Akra, ɗalibai da 'yan kasuwa, sun cika ɓangare guda da tuta da ganguna, sai ka ce a Surulere ake. Ese Brume ma ta ci nata zinaren a dogon tsalle. Amma filin wasa ko'ina kusan iri ɗaya ne, kuma kun ga wannan a talabijin. Abin da talabijin bai nuna muku ba yana farawa ne da misalin shida da 'yan mintuna na yamma, lokacin da ladanan Nima suka ɗauki kiran magariba kusan a tare.

Babban titin Nima a wannan lokaci ba ya da masaka tsinke. Tebura ne jere da juna, kowane da fitilarsa. Abu na farko da aka miƙo mini koko ne da ƙosai. Sunansa a duk faɗin Ghana “Hausa koko”, haka ake rubuta shi a jikin rumfa, kuma ma'aikacin banki da ɗan makaranta da shi suke karyawa da safe ko da ba su san kalmar Hausa ko ɗaya ba. Na gero ne, amma ya fi namu yaji nesa ba kusa ba, citta da kanumfari da barkono har cikin hanci. Ƙosai kuma “koose” suke ce masa. A teburin gaba ga masa, ga pinkaso ɗan uwan funkasonmu, ga zoɓo da suke kira sobolo, ga burkina, wato gero da nono mai sanyi a gora. Tsire sunansa cicinga. Na tsaya ina karanta allunan ina dariya ni kaɗai, kamar wanda ya je baƙon gari ya tarar da 'yan unguwarsu sun sauya tufafi.

Sarkin abincin dai shi ne waakye, ana furta shi kamar “wace”. Sunan daga “wake” ya fito, na shinkafa da wake. Ana dafa su tare da karan dafi da 'yar kanwa, shi ya sa launinsa ke yin ja mai duhu. Daga nan ne hanya ta rabu da tamu, domin mu mai da yaji muke sawa mu ce alhamdu lillahi, su kuwa sai an tara masa jama'a: taliya (sunan da suke kiranta ke nan su ma), garin rogo da aka jiƙa da mai, dafaffen ƙwai, ganda, soyayyen kifi ko nama, miyar tumatir, sannan shito, wani baƙin yaji da ake soyawa da busasshen kifi da jatan lande. A cikin faffaɗan ganye ake naɗe shi, kuma masu ci sun rantse ganyen yana ƙara ɗanɗano. Na yarda da su. Mai waakye da kawu ke saye a wurinta dattijuwa ce, kowa Hajiya yake ce mata, layinta kuma har da motoci masu baƙin gilashi da suka taso daga unguwannin masu kuɗi. Haka tuwo: a gidajen abinci za ka ga an rubuta TZ, wato “tuo zaafi”, tuwo da zafi ke nan, da miyar ayoyo mai yauƙi.

Yaya aka yi abincinmu ya riga mu zuwa bakin teku? Goro ne sila. Shekaru aru-aru fatake daga Kano da Katsina suna kora jakuna zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Babbar kasuwarsu ita ce Salaga, a arewacin Ghana ta yau. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Akra. Akwai kuma waɗanda aikin soja ya kawo, domin Turawan Ingila sun ɗebo sojojin Hausa daga Legas a yaƙinsu da Asante na 1873 zuwa 1874. Duk inda ayari ya yada zango, unguwa ta tsiro, sunan ya bi ta. A Akra akwai Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, akwai Tudu kusa da kasuwar Makola, akwai Fadama inda babban limamin ƙasar, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, yake zaune. A yammacin birnin akwai gari guda mai suna Kasoa, kasuwa ke nan. Matan da ke dako da kwano a ka a Makola ana ce musu kayayei, an haɗa “kaya” na Hausa da kalmar “mata” a harshen Ga, mutanen da asalin garin nasu ne.

Sai dai kada ku ɗauka duk mai jin Hausa a Nima Bahaushe ne. Akwai Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli da Fulani da Yarbawa, kowa da harshensa a cikin gida, idan an fito waje Hausa ce ke haɗa su. Hausar kuma ta bi bakin masu ita. Babu ruwanta da bambancin namiji da mace, sai ka ji an ce “mamana ya tafi kasuwa”. Ƙ da ɗ da ɓ duk sun kwanta sun zama k da d da b. Ana cusa mata kalmomin Twi da Turanci yadda aka ga dama. Na san a makarantunmu da yaro zai yi irin wannan magana, har ya gama sakandare ana tsokanarsa da ita. Ni dai ban ga abin dariya ba. Harshen da ya yi tafiyar wata da watanni a ƙafa, ya shekara fiye da ɗari a tsakiyar wasu harsuna, har jikokin waɗanda ba Hausawa ba suna ciniki da faɗa da soyayya da shi, ai ya biya kuɗin zamansa. Su ma suna da abin da suke faɗa a kanmu. Taubashina ya ce Hausata irin ta rediyo ce, idan na yi magana ji yake kamar za a karanto labaran duniya.

Bayan asham matasa kan koma “bes”, irin majalisarmu ta Kano ko fada ta Nijar. Benci ne da ɗan gawayi da butar ataya, kowane bes da sunansa a rubuce a bango. Hira ba ta wuce ƙwallo da siyasa da hanyar fita Turai. A jikin wani dogon bango an zana Mohammed Kudus, ɗan wasan West Ham a lokacin, wanda a lungunan nan ya fara buga ƙwallo, kuma duk yaron da ka tambaya sai ya nuna maka filin da ya ce nan ne. A daren Alhamis 21 ga wata a irin wannan bes na kalli wasan ƙarshe na ƙwallon mata, wanda aka buga a Cape Coast tsakanin Ghana da Najeriya. Mu muka fara ci. Na miƙe na yi ihu ni kaɗai a cikin mutum wajen talatin, aka bi ni da ido. Suka farke a zagaye na biyu, aka shiga ƙarin lokaci, Mukarama Abdulai ta jefa ta biyu. Abin da na sha a bakin taubashina daren nan, sai wanda ke da taubashi zai gane. “Kai ɗan Najeriya, sha ataya ka huce,” in ji shi, ya miƙo mini kofin da ya fi kowanne ɗaci.

Osu wata duniya ce, ko da yake tafiyar ba ta da nisa. Babban titinta sunansa na hukuma Cantonments Road, amma Oxford Street kowa ya sani. Nan ne gidajen abincin 'yan Lebanon da Sin da Indiya da Najeriya suke, da shagunan sayar da rigunan kente da tutoci, da mashaya da gidajen rawa da ba sa cika sai sha biyun dare ta gota. A makon gasar ko'ina ka waiga 'yan wasa ne cikin rigunan ƙasashensu, katin shaida na lilo a wuya: dogayen 'yan Sudan ta Kudu, 'yan Masar masu faɗin kafaɗa, 'yan Habasha sirara da ke tafiya kamar ba sa taka ƙasa. Na ji Larabci da Faransanci da Swahili a cikin taku ashirin. Mu da muka fito daga masallaci da hula a ka, bakin ƙofar gidajen rawa ya ishe mu, kuma daga titi ma ana jin komai, domin kowane gida ya juyo da lasifikarsa waje. Wanda ya tsayar da ni wani fili ne da makaɗa ke buga highlife da hannu, da jita da ƙaho da ganga, kiɗan da E.T. Mensah ya yi suna da shi tun kafin Ghana ta sami 'yanci a 1957. Tsofaffi ne ke rawa, a hankali, kowa da farin hankici a hannu.

Mun ci jollof a Osu don a kashe gardama. Tasu da shinkafa mai ƙamshi ake yi, tana da laushi, tamu kuma ta fi ƙaurin itace da yaji. Hukuncina: tasu ta yi, amma ba ta kai ta gidan biki ba. Kuɗin faranti ɗaya a nan zai ciyar da mutum uku a Nima har a yi guzurin sahur. Wanda ke son abincin Osu na gaskiya ya gangara tsohuwar unguwar, wajen kasuwar dare, inda mata ke zaune da fitilu suna sayar da kenke, wato dokunu, ƙullun masara mai tsami da aka naɗe a ɓawon masara aka dafa, da soyayyen kifi da ɗanyen barkono da aka niƙa da tumatir da albasa. Akwai banku da gasasshiyar karfasa, akwai kelewele, soyayyar ayaba da aka cuɗa da citta da yaji, wadda sai dare ake fito da ita. Shawara ɗaya ga ɗan uwa Musulmi: tambayi kowane nama kafin ka miƙa hannu. Wanda ake kira domedo naman alade ne, kuma masu sayarwa ba sa ɓoyewa, da sun ga hula ma su za su fara gaya maka.

A Osun ne wani abu ya faru da ya tsaya mini a rai. Mun tare tasi za mu koma gida wajen ƙarfe ɗaya, direban ya ji an ce Nima sai ya girgiza kai ya ja motarsa. Na biyu ya yarda, amma ya ce a bakin babban titi zai ajiye mu. Taubashina ko a jikinsa, ya saba. Ya ce a makaranta akwai abokan da iyayensu suka hana su zuwa gidansu, kuma ranar da ya je wani ofishi neman katin shaida, da aka ga sunansa sai aka shiga tambayarsa garin kakansa, alhali wanda ke gabansa a layi ba a tambaye shi komai ba. Gaskiya ne Nima tana da cunkoso, gidaje a manne da juna, ga katon kwalbatin da ya raba ta da Mamobi wanda warinsa ke tashi idan an yi zafi, ga matasa da yawa babu aikin yi. Gwamnati da kanta ta san da haka, tunda a 2017 har ma'aikata aka kafa don raya zanguna. Amma mutanen da ke tsoron shiga unguwar da dare su ne ke aiko direba da safe ya bi layin Hajiya.

Da na ba kawu labari washegari a rumfarsa, ranar ana ta sauke buhunan gero, sai ya ce, “Ɗana, wannan tsohon ciwo ne.” Ya tuna mini cewa a 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, zanguna suka yi kuka, aka kori har waɗanda a nan aka haife su. A 1983 kuma Najeriya ta kori baƙi, ciki har da 'yan Ghana kusan miliyan guda, kuma daga nan jakar nan mai layi-layi da kuke zuba kaya idan za ku koma makarantar kwana ta sami sunanta. “Kowa ya taɓa korar kowa,” in ji kawu, ya ci gaba da awonsa.

Jamestown da Bukom su ne tsohon garin, a bakin teku, mazaunin masuntan Ga. Can ne dogon hasumiyar jiragen ruwa mai ja da fari take, da kurkukun James Fort inda Turawa suka tsare Kwame Nkrumah har zuwa 1951, lokacin da jam'iyyarsa ta ci zaɓe yana ɗaure aka fito da shi. Masuntan ba sa shiga teku ranar Talata, al'ada ce tun ta kakanni. Bukom kuwa dambe ne sana'arta, yadda yake a gidan mahauta a wurinmu. Unguwa ce da ba ta fi ka zaga ta a ƙafa ba, amma yankin ya fitar da D.K. Poison, wanda ya zama zakaran duniya na farko daga Ghana a 1975, da Azumah Nelson da Ike Quartey. Da yamma za ka ga yara 'yan shekara takwas suna dukan tsohuwar taya a lungu, wani dattijo na zaune a kan benci yana gyara musu tsayuwa. A zauren damben Bukom aka yi damben gasar, kuma ban taɓa jin hayaniya irin ta daren da na shiga ba. Mata masu sayar da kifi sun zo da zanin aikinsu, sun san kowane naushi da sunansa, idan alƙali ya yi abin da bai gamshe su ba sai zauren ya ɗauka gaba ɗaya. Samuel Takyi, wanda ya samo wa Ghana tagulla a gasar Olamfik ta Tokyo, ya ci zinare a gabansu.

Ranar Juma'a 22 ga wata muka yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, maƙwabciyar Nima, wanda Turkawa suka gina da hasumiya huɗu irin na Istanbul, aka buɗe shi a 2021. Da yamma muka nufi filin wasa na Akra, kusa da dandalin Black Star, don wasan ƙarshe na maza tsakanin Ghana da Yuganda. A harabar filin akwai mutum-mutumin tunawa da mutum sama da 120 da suka mutu a turmutsutsun ranar 9 ga Mayun 2001, kuma taubashina ya ce babu lungun Nima da bai yi zaman makoki ba a wancan mako. Da dabino da ruwan leda muka sha ruwa a kan kujerunmu. Wasan ya yi ta jan rai babu ci, sai dab da tashi Ghana ta jefa ƙwallo ɗaya, filin ya girgiza. A teburin lambobi Masar ce ta zo ta ɗaya, Najeriya ta biyu da zinare 47, Ghana ta shida, amma a daren nan babu wanda zai saurari wannan lissafi daga bakina.

Mota ba ta samuwa, sai muka taka. Titi cike da masu busa ƙaho da 'yan babur da ke jan gwangwani a ƙasa, wasu sun hau rufin trotro suna kaɗa tuta. Muka tsaya a bes aka sake sabon ataya, aka sake buga wasan da baki tun daga farko. Wajen ƙarfe uku da rabi masu tashin sahur suka fara zagawa, shagunan shayi suka ɗaga murfin tukunya, masu komowa daga Osu da rigunan ƙwallo suka haɗu a layi ɗaya da masu fitowa daga gida da jallabiya. Hajiya ta ɗago kai ta gan ni, ta ce wa yarinyar da ke taya ta, “Ƙara masa shito, gobe zai tafi Najeriya, can ba su da shi.”